Waƙar Gwaggo da Dutsin Niƙa

A hutun daminar da ta wuce, ɗiyata mai shekara 14 tana kakkaɓe mini littattafai sai ta ci karo da kundin da na rubuta lokacin kammala karatuna a Yamai. Takardunsa sun yi ja, gara ta ɗan taɓa bangonsa. Ta buɗe wajen ƙarshe, inda na jera waƙoƙin niƙa da na samo daga bakin gwaggona, Hausa a hagu, Faransanci a dama. Ta karanta shafi biyu, sa'an nan ta ɗago kai ta ce: «Baba, yaya ake rera ta?» Na karɓi kundin, na buɗe baki, amma babu abin da ya fito. Kalmomin duk suna nan da rubutun hannuna, ko ɗaya bai ɓata ba. Muryar ce ta tafi, kuma ni ne na bar ta ta tafi.

Ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, abin da nake so in faɗa muku ya taso ne daga wannan shirun da na yi a gaban ɗiyata.

A shekarar 2004 na tafi ƙauyenmu, gabas da Tasawa, da ƴar rakoda da kaset guda biyu da na saya da kuɗin guzurina. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a lokacin ta haura shekara 60. Tun ina ƙarami na san ta da waƙa in tana niƙa da asubahi, har muryarta ce ke tashe mu kafin zakara ya yi cara ta biyu. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar bedi, na ajiye rakoda a gabanta, na ce ta rera. Ta dube ni, ta dubi na'urar, ta yi dariya ta ce: «Mushe, haka kawai a zaune? Ai ba ta zuwa.» Ta gwada sau biyu don kada in ji kunya, tana kai layi na uku sai ta tsaya, ta ce ta manta.

Sai da muka nemo dutsin niƙanta. Shekaru da dama ke nan da aka kafa injin niƙa a bakin kasuwa, dutsin kuwa yana bayan rumbu, kaji na shan ruwa a cikin kwarminsa. Aka wanke shi, aka samo ɗan dutsin, aka kawo tsabar hatsi a ƙwarya. Gwaggo ta durƙusa, ta zuba tsaba, ta tura ɗan dutsi gaba ta jawo shi baya. Ba ta yi turi goma ba sai waƙar ta zo da kanta, kuma ta ɗauki kusan rabin sa'a ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Abin da na ji a ranar, ban fahimce shi ba sai daga baya. Dutsin shi ne makaɗinta. Kowane layi yana farawa da turi, yana ƙarewa inda numfashinta ya ƙare, kuma tsakanin layi da layi akwai wani ɗan nishi da take yi in ta danna ɗan dutsi da nauyin ƙirjinta. In tsaba tana da ƙarfi waƙar takan ja, in gari ya fara laushi sai ta yi sauri. A cikinta ta ambaci kakanninta ɗaya bayan ɗaya, da ƙauyen da aka auro uwarta. Ta yi wa kishiyarta habaici, alhali kishiyar ta rasu da daɗewa. Ta kuma kawo yunwar 1984, wadda mutanen yankinmu suke kira El Buhari, da yadda dutsin nan ya yi watanni ba a ɗora masa tsaba ba. A wajen nan muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, har ƙarar dutsi ta kusa rufe ta.

Da na koma Yamai na yi abin da na ga ana yi. Na saurari kaset, na rubuta kalmomi, na fassara su. Inda ta maimaita layi sai in sa alamar maimaici ta Faransanci in wuce. Nishin nan ban rubuta shi ba, domin ba kalma ba ce. Ƙarar dutsi kuwa a ganina damuwa ce da ke hana ni jin baƙaƙe sosai. Na rarraba waƙar gida gida: jigo, salo, habaici, kirari, kamance. Aka yaba aikin, na samu takardata. Bayan wata biyu ko uku, wani dare gidan rediyo ya sako tsofaffin waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, ba ni da kaset sabo a hannu, sai na ɗauko na Gwaggo na ɗora Bakandamiya a kansa. Na ce a raina ai na riga na rubuta. Gwaggo ta rasu a 2009. Bakandamiya tana cikin salular kowane mai sayar da shayi a Maraɗi yau, waƙar Gwaggo kuwa babu ta a ko'ina.

Ba na ɗora wa nazarin waƙa laifi, domin masana sun yi aiki mai yawa wanda duk muke ci daga gare shi. Tun 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayin maroƙa a ƙasar Zazzau. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, inda suka tattara sunayen kayan kiɗa da na makaɗa da lokutan da ake kowane kiɗa. A nan ƙasar Maraɗi, Veit Erlmann da Habu Magaji sun bi girkar bori daki daki, suka wallafa aikinsu a 1989. Mahaman Garba ya yi kundin digirinsa na dakta a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar. Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, kuma a wurinsa da yawa daga cikinmu muka koyi kiran sassan waƙa da Hausa, kamar gindin waƙa da ɗiyanta. Beverly Mack ta juya ga waƙoƙin mata a littafinta na 2004. A Yamai kuma akwai CELHTO, wadda aka kafa tun 1968 da taimakon UNESCO domin tattara tarihin baka, ga IRSH da ma'ajiyarta ta muryoyi.

Amma idan muka dubi abin da ya iso ajinmu daga duk wannan aiki, za mu ga abu biyu. Na farko, mawaƙan da muka fi nazari su ne masu suna da ubangida: Narambaɗa da kotsonsa, Musa Ɗanƙwairo, Mamman Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, Ɗan Gurmu na Tawa wanda gasar mawaƙan zamani ta ɗauki sunansa. Sun cancanci haka, sai dai su rediyo da ƴan kasuwar kaset sun riga sun tsare musu muryoyinsu. Waƙar niƙa, da ta daka mai tafiya da lugude da mama, da ta renon jariri, da gaɗar ƴan mata a dandali, ba su da ubangida, ba su da kasuwa. Aiki ne ke ɗauke da su, in aikin ya mutu sai su bi shi. Ba mai hankalin da zai ce wa matan ƙauye su bar inji su koma durƙuso a kan dutsi don a tsare waƙa. Na ga kantar da ke gwiwoyin Gwaggo da idona. Abin da ya rage shi ne masu waƙoƙin nan tsofaffi ne, kuma kowace shekara muna rako wasu zuwa makwanci.

Na biyu, ko waƙar da muka nazarta, mun saba mu kawo ta aji a matsayin rubutu. Ni malamin Faransanci ne kuma na Hausa, na san inda wannan ɗabi'a ta fito. An horar da mu a kan bayanin matani: a ba ka shafi, ka fito da jigo da adon magana. Hanyar tana da amfani ga waƙar da aka haifa a kan takarda. Amma ga waƙar baka ta Hausa, takarda tana zubar da abu mai yawa, fiye ma da yadda take zubarwa a Faransanci. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kukan yaro da kukar miya harafi ɗaya suke a shafi, kunne ne kawai ke raba su. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo su ma haka. A kundina akwai wani layi inda Gwaggo ta ambaci gari, na fassara shi da garin tuwo domin niƙa take yi. Yau in na sake karantawa sai in ga zai yiwu garin iyayenta take nufi, wanda aure ya raba ta da shi, zai yiwu kuma da gangan ta haɗa biyun. Sakan biyu na kaset da sun warware mini wannan.

Bayan tambayar ɗiyata na koma ƙauye da kundin. Na sami wata tsohuwa, ƙawar Gwaggo tun suna ƴan mata, na gaishe ta na ce: «Inna, in na karanta miki kalmomin, kya iya rera mini yadda take yi?» Ta saurara har ƙarshe, idanunta suka kawo ruwa da ta ji sunayen mutanen da ta sani. Sa'an nan ta rera mini wasu layuka, amma da nata karin. Ta ce: «Ɗan nan, kowace mace da tata. Tata ta fi tawa ja, don dutsinta ya fi nawa faɗi.» Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na daɗe ina koya wa yara wannan karin magana, ranar ce na ji nauyinsa.

Akwai wani malamin makaranta irinmu da ya bi wata hanya dabam, marigayi Malam Mamman Barka. Ya fara da koyarwa, ya yi suna da gurmi, sa'an nan a 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar. Ya zauna a gabansa ya koya da yatsunsa da maƙogwaronsa, ya dawo yana kaɗawa yana rerawa har ya rasu a 2018. Shi ma nazari ya yi, kuma nazarin da ya bar abin da kunne zai ji. Ba kowa ne zai iya haka ba, ni dai ba ni da murya. Amma abin da ya gagare ni a 2004 saboda kuɗin kaset, yau yana cikin aljihun ɗaliban da ke gabanmu.

Ga abin da na fara yi da ajina, kuma nake roƙon ku gwada. Kafin kowane dogon hutu ina ce wa ɗalibai kowa ya nemi tsohuwa ɗaya a danginsa. Ya fara neman izininta, ya gaya mata inda muryarta za ta je, domin habaici yakan taɓa mutanen da ke raye, kuma in ta ce a share wani wuri sai a share. Kada ya zaunar da ita a tabarma kamar yadda na yi. Ya nemo turmi ko dutsi ko jariri, duk abin da waƙar ke tafiya da shi, ya ɗauka da ƙararsa duka. Ya faɗi rana da wuri da irin aikin a farkon ɗaukar. Idan ya dawo, a ajiye muryar a wuri uku: wurinsa, wurin makaranta, da wurin wata ƙungiya, domin salula takan ɓata, katinta yakan lalace. A aji kuwa sai mun saurara sau biyu kafin in taɓa alli. In mun zo rubutu, ina sa su nuna inda aka ja numfashi da inda taɓarya ta sauka, kuma duk kalmar da ke da fuska biyu a sa mata alamar kari. Ƙungiyoyinmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa za su iya tattara abin da makarantu suka samo, su nemi hanyar miƙa kwafi ga ma'ajiyoyin Yamai.

A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan hakan ya kawo ƙarin littattafan Hausa a makarantu, za a buƙaci matani, kuma za a koma ga kundaye irin nawa a ɗebo. Ina fata kafin a buga kowace waƙar baka a littafin yara, a tambaya ko muryarta tana nan, a kuma sa malami ya shiga aji da ita.

Ƙawar Gwaggo ta yarda na ɗauki tata. Dutsinta ya fashe tuntuni, sai muka ɗauko na Gwaggo daga bayan rumbu, muka sake korar kaji. Ɗiyata ce ta riƙe salula, minti 11 da ƴan sakanni, har da tarin da tsohuwar ta yi a tsakiya da dariyar jikokinta. A hanyarmu ta komowa Maraɗi na ji yarinyar tana bin karin a hankali, tana tura tafin hannunta gaba da baya a kan gwiwarta.