Kome Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Mu da muka yi karatun boko a ƙasar Gobir, daga Kamarawa zuwa Isa da Sabon Birni, mun tashi da jin cewa Turanci manyan kalmomi ne. Wanda ya fi dogayen kalmomi a baka shi ne gwani. Amma malaman da suka shirya mu jarrabawar WAEC ƙanana suka fi matsa mana a kai, irin su at da for da to da with.

Dalilinsu kuwa a fili yake. Ɗauki kalmar look. In ka ce look at, kallo ne. Look for nema ne, look after kula da abu ne, look into kuwa bincike. Aikatau ɗaya, ma'ana huɗu. Haka abin yake bayan siffa: good at gwaninta ce, good for amfani, good to kuma kyautatawa. Ba wata doka da za ta tattara maka su, sai dai ka riƙe kowace tare da abokiyar tafiyarta.

To, 'yan'uwa marubuta, Hausa ma haka take. “Ya gudu da ita” daban, “ya gudu daga gare ta” daban. Na farko ya sace 'yar mutane, na biyu ya tsere mata. Mai rubuta littafin soyayya in ya musanya su, ai ya sake labari ke nan. A wajenmu cewa muke “na gaya ma Audu”, Bakano kuwa ya ce “na gaya wa Audu”, kowa da gaskiyarsa. G. P. Bargery bai raina irin wannan bambanci ba a ƙamusunsa na 1934, domin ya shigar da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ƙananan kalmomin Turanci ke kutsowa cikin rubutunmu sanye da rigar Hausa. Saboda Bature na cewa depend on, sai ka karanta “ya dogara a kan mahaifinsa”, alhali Bahaushe “dogara da” ko “dogara ga” ya sani. Saboda congratulate on, sai ka ga “mun taya shi murna a kan aurensa”, maimakon “mun taya shi murnar aure”. Kalmomin duk namu ne, amma ɗinkin baƙo ne. Tsohuwa a kasuwar Isa za ta gane nufinka, sai dai za ta ji a kunnenta cewa ba haka ake faɗa ba.

Don haka in mun gama rubutu, mu karanta shi da ƙarfi. Duk inda muka ci karo da “a kan”, mu dakata mu tambayi kanmu: haka iyayenmu za su faɗe shi a zaure? In ba haka ba ne, mu gyara tun bai kai ga maɗaba'a ba.

Allah ya sa mu dace.