Zanen da ke Akwatin Ƙasa

Da wuya a shiga ɗakin mace a ƙasar Hausa a rasa akwatuna uku ko huɗu a ƙarshen gado, an ɗora wani bisa wani, babba a ƙasa, ƙarami a sama, an lulluɓe su da ƙyalle mai ado. Jerin yana da kyaun gani, ba ya kuma cin wuri. Amma yana da aibi guda wanda kowace mace ta sani, wato murfin kowane akwati a sama yake. Wadda take son zanen da ke akwatin ƙasa, sai ta sauke na sama duka, ta buɗe, ta tona, sa'an nan ta mai da kome yadda yake. Saboda wannan wahala akwatin ƙasa yakan yi watanni ba a taɓa shi ba, alhali kuwa a cikinsa ake ajiye kayan da suka fi tsada.

Ma'ajin tufafi ya daɗe yana sake kama. Lefe, tun asali, sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba, daga baya sunan ya koma kan kayan auren da ake sawa a ciki. Aka zo aka yi yayin adaka, kalmar da mutanen Asante ma suke kiran akwati da ita. Aka yi yayin kwalla, da fantimoti, da akwatin ƙarfe mai fentin furanni, har zuwa jerin akwatunan kamfani. Kome ya sake, ban da abu ɗaya: dukansu ta sama ake buɗe su. Akwatin matafiyi ne aka mai da shi ma'ajin ɗaki.

Akwai wani kafinta a wajen Maradi wanda ya yi shekaru yana yi wa mutane irin waɗannan akwatuna. Aiki ya ƙaru masa bayan watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, iyayen amare suka koma wurin masu aikin katako. Abin da ya sa ya sake tunani a kan sana'arsa kuwa, gwaggonsa ce. Tsohuwar ta yi fama da kuturta a ƙuruciyarta, ta sha magani a asibitin Danja, kudu da Maradi, ta warke sarai. Amma maganin da ke kashe cutar ba ya mai da yatsun da suka riga suka lalace. Tana iya cin abinci da kanta, tana iya ɗaura zane, sai dai ba ta iya riƙe marikin akwatin ƙarfe ta ɗaga shi. Duk ran da take son zanen fita, na zuwa sujada ko na biki, dole ta jira wani jika ya dawo daga makaranta ko daga gona.

Ba ta cika son roƙo ba, saboda haka ta riƙa maimaita zane biyun da ke rataye a igiya. Wata damina ta wuce ba a buɗe akwatin ƙasa ba. Da aka buɗe da kaka, aka tarar laima ta shiga ta gindi, tsatsa ta kama shadda, fumfuna ta ɓata turmin atamfa biyu waɗanda ko ɗinka su ba a yi ba. Kafinta ya ce, "Gwaggo, me ya hana ki aiko a kira ni?" Ta ce, "Ɗana, mutum zai riƙa aike kowane mako saboda kallabi? Kai dai ka yi mini akwatin da ba sai an tashe shi daga barci ba."

Ya fara da durowa, irin ta tebur, amma bai daɗe ba ya bar ta. Durowa akwati ne a cikin akwati, katakonta ya kusa ninki biyu. Ga shi kuma katako yana shan danshi da damina ya kumbura, durowa ta cije, mai yatsu goma ma sai ya yi da gaske kafin ya jawo ta. Ya gwada ƙofa mai buɗewa gefe, ya ga tana bukatar fili a gabanta, a ɗakin da gado ya riga ya cinye rabinsa. Daga ƙarshe ya tsaya a kan ƙofar gaba mai hinji a ƙasa, wadda takan sauko ta kwanta sosai, igiya biyu suna riƙe da ita dama da hagu. In an buɗe ta sai ta zama kamar ɗan tebur, a jawo zane a ɗora a kai, a zaɓi wanda ake so. A maimakon mariƙi ya sa madaukin igiya mai faɗi, wanda wuyan hannu zai shiga. A maimakon sakata ya sa ɗan guntun katako mai juyawa a kan ƙusa, wanda ake turawa da gefen hannu.

Girman akwatin kuwa, daga abu biyu ya samo shi. Na farko zane ne. Turmin atamfa yadi shida ne, zane uku ke nan, kuma mata suna da yadda suke ninke shi. Ya karɓi zanen matarsa a ninke, ya auna, ya ga jeri biyu za su zauna gefe da gefe a cikin akwati mai tsawon santimita 60 da zurfin 40. Na biyu katako ne. Fallen katakon kamfani, irin wanda ake mannawa shafi bisa shafi, faɗinsa santimita 122 ne, tsawonsa 244. In an tsaga shi biyu a tsaye, a sami tsagi biyu masu faɗin 60, da ɗan abin da zarto zai ci. Kowane tsagi yana fitar da akwati guda cif: sama da ƙasa, gaba da baya, gefe biyu, har da allon da zai raba cikin akwatin hawa biyu. Tsayin kowane akwati ya bar shi a santimita 30. Huɗu in an jera su 120 ke nan, a ƙara 15 na ƙafafun gindi, jimla 135. Mace tana tsaye za ta ga cikin na sama ba tare da ta taka kujera ba.

Akwatin farko da ya jera ya koya masa wani abu. Akwati mai murfi a sama bango huɗu gare shi masu ɗaukar nauyi. Wanda aka mai da gabansa ƙofa ya rasa ɗaya. Da aka cika na sama da kaya, rufin na ƙasa ya lotsa a tsakiya, ya danne ƙofa ta ƙi buɗuwa. Maganin abin shi ne a hana nauyi zama a tsakiya. Ya sa ginshiƙi a kowace kusurwa daga ciki, ya gicciya katako mai kauri a bakin rufi ta gaba. A ƙarƙashin kowane akwati ya buga sanduna biyu dab da gefe, waɗanda ke faɗawa daidai cikin leɓen da ya yi wa rufin na ƙasa. Ta haka nauyi yake bin bangon gefe da ginshiƙai har ƙasa, akwati kuma ba ya zamewa ko an ture shi.

Sauran dabarun, abokan gāban tufafi ne suka sa shi yin su. Gara ta ƙasa take tasowa, ta gina hanyarta ta laka a ɓoye. Saboda haka jerin yana tsaye a kan ƙafafu, tsintsiya tana shiga ƙarƙashinsa, an kuma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, domin a ga hanyar gara tun ba ta yi nisa ba. Don laima, ya huda ƙananan ramuka a bayan kowane akwati ya rufe su da ragar waya, iska tana shiga, kyankyaso ba ya shiga. Don ƙurar hunturu, ya yanka tsohuwar robar cikin tayar keke ya bi bakin ƙofa da ita. Don asu, yakan shawarci mata su sa busasshen ganyen dogon yaro a ɗan ƙunshi. Fararen ƙwallayen nan da ake kira kafur suna korar ƙwari, amma guba ne ga yaron da ya ɗauke su alewa, kuma tururinsu a kayan jarirai yana iya jawo wa waɗansu jarirai shawara mai tsanani. Bai kamata su kusanci kayan goyo ba.

Yaro kuma mahayi ne. Ƙofar da ta kwanta, matakala ce a idonsa. Don haka kafinta ba ya yarda a jera fiye da huɗu, yakan ɗaure na sama da bango, ya ce a sa barguna da kaya masu nauyi a na ƙasa. Kayan yau da kullum su zauna a na biyu da na uku, daidai ƙugu, inda ba sai an sunkuya ba. A jera zane kamar yadda masu atamfa suke yi a kasuwa, bakin ninki yana duban waje, domin ido ya samo shi kafin hannu ya taɓa. A jikin kowace ƙofa kuma akan manna ɗan ƙyallen abin da ke ciki, wanda bai yi karatu ba ma ya gane.

Ba kowa ya yi na'am da shi ba. Matarsa ce ta fara kawo kuka. Ta ce, "Maigida, akwatin mace sirrinta ne. Wannan naka ko baƙuwa ta juya ɗan katakon nan ta ga abin da na mallaka." Ya sa zobe a kowace ƙofa, ya zura sandan ƙarfe guda daga sama har ƙasa, kwaɗo ɗaya ya kulle huɗun. Kuka na biyu ba shi da magani: akwatin gaba ba ya cin kaya kamar na sama, gama ba a iya cusa masa tufafi a hau kan murfi a danne. Na uku kuwa na ido ne. Ranar kai lefe, dangi suna so su ga akwatunan kamfani masu sheƙi, katako ba ya burge su. Saboda haka ba amare suka fi sayen nasa ba. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da masu bishara, mutanen da akan sauya wa wurin aiki. Su sukan ɗaga akwatunan ɗaya ɗaya ta madaukan gefe, a ɗora a amalanke da kayan a ciki, a isa sabon gida a sake jerawa kafin magariba.

Tsohuwar ta yi sauran shekarunta tana zaɓen zanenta da kanta. Wannan ƙaramin abu ne ga mai ƙarfi, amma ga wanda ya saba jiran hannun wani kafin ya sa tufarsa, mutunci ne. Abin da aka yi dominta kuma ya amfani mai juna biyu, da mai ciwon baya, da yarinya 'yar shekara takwas da aka aika ta ɗauko kallabi.

Kafinta yakan gaya wa almajiransa cewa mai saye zai tambayi yawan abin da akwati ke ci, amma su, su tambaye shi wanda zai riƙa buɗewa. Amaryar da ke sauke akwati uku da hannu ɗaya yau, ita ce za ta tsaya a gabansu bayan shekara arba'in, gwiwa tana ciwo, 'ya'ya sun watse. Tambayar ta cancanci duk wanda zai sayi akwati ko ya sa a yi masa, kafin a tsaga katako.