Mota mai wuta a hidimar kullum: abin da muka gaya wa ƙaninmu

Rubutun wannan makon namu ne, mu huɗu da muka daɗe muna hawan motocin nan da matasa ke kira masu wuta. Da su muke zuwa aiki, da su muke kai yara makaranta, da su muke shiga kasuwa. Abin da ya sa muka zauna muka rubuta shi ne wani ƙaninmu da ya yi shekara uku yana tara kuɗi, ga maganar aurensa bayan sallah, sai ya turo mana hotunan mota biyu, BMW 335i ta 2008 da Mercedes C63 ta 2009, yana tambayar wacce zai ɗauka ta zama motarsa tilo. Mun ba shi amsa a waya, amma mun san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Abin da ke fara ruɗar mutum shi ne farashi. Ita 335i ɗin nan da sabuntarta wajen dala 40,000 aka sayar da ita a Amurka, yau kuwa za a yi maka tayinta a kuɗin da bai wuce na Camry mai tsafta ba. Sai ka ga kamar ka tsinci dami a kala. To kuɗin motar ne ya faɗi, kayan gyaranta suna nan a matsayinsu na kayan mota mai tsada, kuma yanzu ne ta kai shekarun da take neman su. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure doki ya san ranar sayen ingarma ita ce rana mafi sauƙi. Harawa da dusa da ɗan barga su ne ke biyo baya, kullum, ko an hau ko ba a hau ba.

Mu ɗauki mai tukuna, tunda shi ake saya kowace safiya. C63 ta wancan zamanin injinta mai silinda takwas ne, lita 6.2, ƙarfin doki 451. A ma'aunin hukumar Amurka tana yin mil 12 da galan ɗaya a cikin gari, wato kilomita 5 da ɗan abu a lita guda. Wannan a titinsu ke nan, ba a cunkoson Kano da rana tsaka da esi a kunne ba. Idan kana yin kilomita 40 a rana, a wata ka yi 1,200, ka sha lita 240. Corolla ta shekarun nan tana yin wajen kilomita 11 a lita, wannan tafiyar za ta ci mata lita 110. Mu sa lita a N1,000 don lissafi ya yi sauƙi: bambancin N130,000 ne duk wata, kusan mafi ƙarancin albashi sau biyu tunda an mai da shi N70,000 a 2024. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafi, lita ba ta kai N200 a farashin gwamnati ba, shi ya sa da yawa daga cikin masu ba da labarin daɗin V8 labarin wancan lokacin suke bayarwa.

Akwai kuma wani abu game da man da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Za ka buɗe murfin tankin motar da ta zo daga Amurka ka ga an rubuta 91, ka ji an ce man Najeriya ma 91 ne, sai hankalinka ya kwanta. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Namu RON ne, irin na Turai, nasu kuwa wani lissafi ne daban, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 a namu. Wato man da muke zubawa a matsayin man ƙaramar mota yake a wurinsu. Injin ba zai mutu nan take ba, domin akwai na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji, da ta ji sai ƙwaƙwalwar motar ta ja wutar fulogi baya. Sakamakon shi ne dawakan da ka biya kuɗi dominsu ba dukansu ke fitowa ba, mai yana ƙara tafiya, zafi yana ƙaruwa. A inji mai turbo, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, abin ya fi tsanani. Wanda kuma zai tsaya wurin 'yan bumburutu ya zuba wa irin wannan motar man jarka, Allah ya ba shi sa'a.

Game da su motocin biyu, abin da za mu faɗa ba sirri ba ne, a rubuce yake tun suna sababbi. Injin 335i na farko, wanda ake kira N54, silinda shida ne a jere da turbo biyu, ƙarfin doki 300, kuma duk wanda ya taɓa taka shi ya san me ya sa ake sonsa. Amma famfon da ke tura mai da matsi mai ƙarfi ya ba da matsala har a Oktoba 2010 kamfanin ya yi kiranyen motoci kusan 130,000 a Amurka, bayan ya tsawaita garantin famfon zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Motar 2008 ta daɗe da fita daga wannan inuwar. Famfon ruwanta na lantarki ne, kuma sananne ne a wurin masu ita cewa yakan tsaya ba sallama. Sannan tunda kai tsaye cikin silinda ake fesa mai, babu abin da ke wanke bayan bawul, sai baƙin dauɗa ya taru har sai an buɗe an kankare. Ita kuma C63, injinan farko suna da matsalar kusoshin da ke ɗaure kan inji, sukan ci tsatsa su karye ruwa ya shiga silinda. Daga baya an sauya ƙirarsu, amma ta 2009 tana cikin na farkon, don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko an canza su, kuma ina shaida.

Ba wai ƙirar banza aka yi musu ba. An yi su ne da tunanin mai ita zai kai ta garejin kamfani a kan lokaci, zai zuba man da aka ce, zai hau titi mai santsi. Mu kuma motar takan iso mana bayan hannu uku ko huɗu, sau da yawa daga gwanjon motocin da suka yi hatsari, ba takardar gyara ko ɗaya.

Taya ce ta fi ba mu mamaki a littafin lissafinmu, domin ba wanda ke tuna ta ranar ciniki. Tayar bayan C63 lambarta 255/35 a wili mai inci 18, wato tsayin robar da ke tsakanin wili da kwalta milimita 89 ne. Ta Corolla, 195/65, tana da kusan 127. Wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin ka faɗa rami ka ce subhanallahi ka wuce, da ka faɗa ka sauka ka tarar taya ta yi ƙulu wili ya tsage. Ɗayanmu a damina guda ya rasa taya uku da wili ɗaya, duk a hanyar gidansa zuwa ofis. Ga shi ta gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba, ba a juya su, ta baya kuma ita ke shan wahalar totur. Tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama kuwa, sai ka bi shi a karkace kamar kaguwa, masu Keke Napep na bayanka suna ta hon.

Sai babbar magana, wato wa zai taɓa maka ita. Muna da makanikai masu basira, wannan ba a musu, mutumin da zai saurari inji ya gaya maka ciwonsa. Amma akwai al'adun gareji da ƙaramar mota ke yafewa, irin waɗannan kuma ba sa yafewa. An taɓa cire wa motar ɗayanmu tamostat ba tare da an tambaye shi ba, wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa, aka cika lagireto da ruwan rijiya. Sai da ƙwaƙwalwar motar ta rikice, mai ya riƙa zuba kamar an huda tanki, kafin a gano. Baƙin mai ma haka: C63 tana shan sama da lita 8 a juye ɗaya, kuma na roba take so mai lambar da kamfani ya amince da ita, ga jabu ya cika kasuwa. Kwamfutar BMW ta wancan lokacin takan bar mutum ya kai mil 15,000 kafin ta nemi juye. Mu a nan, da ƙurar hunturu da tsayuwa a cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, ba ma wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000, matatar iska kuma duk juye sai an duba ta.

Kayan gyara kuwa, na Corolla ko Camry ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka fito da shi kafin la'asar. Na waɗannan sai a ce maka sai Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ko a yi oda daga waje da dala. Dalar da take wajen N460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura N1,500 a farkon 2024. Kuma ba kuɗin ne kaɗai ba, jiran ne. Mun ga motar ɗayanmu ta yi sati biyar a kan jak saboda wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Mai mota biyu zai yi tsaki ya ɗauki ɗayar. Mai mota ɗaya, da amarya a gida, da aikin da ake sa hannu ƙarfe takwas, shi ne zai san bambancin.

Za ku ce to me ya hana mu rabuwa da su? Gaskiya daɗi. Ranar da hanya ta yi kyau, ka fito da sassafe, ka zo wuce tirela ka ɗan taɓa totur ka ga ta koma baya kamar a tsaye take, akwai natsuwa a cikin wannan, har da aminci, domin ba ka daɗe a hannun da ba naka ba. Birkinsu da yadda suke riƙe titi a kwana ba a haɗa su da na ƙananan motoci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mu mun sani muka saya. Sai dai a cikinmu huɗu, uku suna da wata ƙaramar mota a gefe, kuma duk wata muna ware kuɗin gyara daban ko motar ta yi tari ko ba ta yi ba.

Na huɗunmu, wanda motarsa ɗaya tilo, Lexus IS 350 yake hawa, kuma shafinsa a littafin ya fi na kowa gajarta. Injinta V6 ne, lita 3.5, ƙarfin doki 306, wato ba ta bin 335i bashin komai a takarda, kuma ba turbo. Toyota ta sa mata hanyar fesa mai iri biyu, ɗaya cikin silinda ɗaya ta bayan bawul, don haka dauɗar nan ba ta taruwa kamar a wancan. Dangin injin ne da na Camry V6 da ke cike da titunanmu, makanikai sun saba da gidan. Babbar yayarta, IS F mai V8 da doki 416, ita ma an san ta da juriya, sai dai shan mai da cin taya suna nan, kuma samunta a nan sai an tona. Ita ma IS 350 ɗin man mai kyau take so, ƙasanta kuma kusa yake da ƙasa, ba ta san ana yin damina a Kurna ba.

Abin da muka ce wa ƙaninmu shi ne, in dai mota ɗaya zai riƙe a bana, kada ya ɗauki ko ɗaya cikin biyun. In kuma zuciyarsa ta kafe, to ya tabbata bayan ya biya kuɗin mota akwai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a ajiye wanda ba na lefe ba ne, ya binciki lambar shasi ya ga hotunan gwanjonta, ya sa a jona mata kwamfuta, kuma ya je ganinta da asuba kafin mai ita ya tayar da injin, domin hayaƙi da ƙarar da inji mai sanyi ke yi su ne dillali ya fi son ɓoyewa. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Jiya ya turo mana hoton wata IS 350 ta 2010 da ke Kaduna, mun ce masa ranar Asabar za mu raka shi da makanikenmu.