Wanne ne kundin gaskiya a cikin huɗun nan?

Kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu bai kai shafi ashirin ba, amma yau kala huɗu ne ke yawo a hannun mutane. Akwai wanda aka buga a shagon kwamfuta tun farkon kafuwa, akwai na cikin filashin da na gada tare da kujerar sakatare, akwai wanda aka tura zauren WhatsApp da sunan "na ƙarshe", sai wanda ya biyo bayansa da sunan "na ƙarshe gyararre". Kowanne da tambarin ƙungiya a bangonsa, kowanne kuma akwai dattijon da zai rantse shi ne na asali.

Da a waƙafi da aya suka saɓa, da ban ɗauki alƙalami ba. A sashen taimakon rasuwa suka saɓa. Biyu sun ce wanda ake bi kuɗin wata uku ba a ba iyalinsa, biyu sun ce sai ya kai wata shida. Kun san abin da ya faru da ɗan uwanmu mai sana'a a kasuwar Dei-Dei ya rasu ana binsa wata huɗu, Allah Ya jiƙansa. An biya daga baya, amma sai da aka yi makonni ana jayayya, matarsa tana cikin takaba tana jin sunan mijinta a bakin mutane. Ban ce wani ya yi ha'inci ba. An yi gyara a wani zama, wani ya shigar da shi a kan tsohon kwafi, wani ya ci gaba da raba wanda ke wayarsa.

Kada mu ɗauka ciwon ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai. A Disambar 2025, a nan Abuja, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce dokokin harajin da aka buga a gazet sun bambanta da waɗanda suka amince da su. Idan majalisa mai akawu da lauyoyi za ta tsinci kanta tana tambayar wanne ne kwafin gaskiya, ina ga mu da ke ajiye takardu a jakar leda?

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun daɗe da shan wannan wahala, don su ɗaruruwa ne ke taɓa rubutu ɗaya. A 2005 Linus Torvalds, mutumin Finland da ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta wata manhaja mai suna Git. Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya zaunar da ni ya nuna mini yadda take. Duk gyaran da aka ajiye, tana riƙe sunan mai gyaran, da ranar, da layin da ya cire, da wanda ya saka, kuma tana neman ya rubuta dalili. Kowane gyara yana ɗaure da wanda ya gabace shi kamar sarƙa, ta yadda in wani ya koma ya taɓa na bara a ɓoye, lambar shaidar duk na bayansa za ta canza, asiri ya tonu. Har akwai umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, sunansa da Turanci ma "ɗora laifi" yake nufi. Da na ji haka na ce lallai mutanen nan sun taɓa zaman ƙungiya.

Abin bai zame mini baƙo ba. Malamanmu da ke kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshe, wani lokaci har da rana, su kuma gwada sabon kwafi da uwarsa kafin a karantar da shi.

Sai dai ba na ba da shawarar mu koma Git. An yi ta ne don masu rubutun manhaja, ba ta iya nuna bambanci sosai a takardar Word, kuma ma'ajinmu ba zai bar shagonsa ya zauna koyon umarni a baƙin allo ba. Ɗabi'arta nake so mu ɗauka. Kayan aikin kuwa yana hannunmu: Google Docs yana ajiye tarihin gyara da kansa, yana nuna wa ya canza me da ƙarfe nawa, kuma ana iya raɗa wa wani matsayi suna, misali "wanda babban taro ya amince da shi", a koma gare shi duk ranar da aka so.

Tun da na fara wannan magana ake yi mini tambayoyi. Wani ya ce ai WhatsApp ma yanzu ana gyara saƙo. Gaskiya ne, tun 2023, cikin minti 15 da turawa, amma alama kawai yake sawa cewa an gyara, ba ya nuna abin da ke wurin da farko. Facebook ya fi shi a nan, don ana iya buɗe tarihin gyaran rubutu. Wata 'yar uwa ta tambaya ko in ta sauke takardar a wayarta ta tura wa ƙawarta tarihin zai bi ta. Ba zai bi ba. Da zarar an sauke an tura, an haifi kwafi na biyar ke nan. Mahaɗin za a riƙa turawa, kowa ya karanta a wuri ɗaya.

Tambayar da ta fi nauyi daga wani dattijo ta fito: wa zai riƙe makullin? Ya yi gaskiya. Wanda ke da asusun yana iya goge takardar gaba ɗaya, in kuma aka buɗe ƙofar gyara ga duk mai mahaɗi, tarihin zai nuna an yi gyara ba tare da sunan kowa ba. Don haka asusun ya zama na ƙungiya, ba na sakatare ba, har da ni. Mutum uku su iya gyara, kowa da nasa imel, saura su karanta su bar shawara a gefe. Duk matsayin da taro ya amince da shi a buga shi a takarda, shugaba da sakatare su sa hannu a kowane shafi, a ajiye wurin amintattu. Ga ƙungiyar da ta yi rajista da CAC ma, gyaran kundi ba ya tsayawa a zaure, sai an kai wa hukumar.

Akwai abubuwan da nake fata masu yin waɗannan manhajoji su ƙara, ko yaranmu da ke koyon harkar su gwada. Ina so a iya liƙa saƙon murya a jikin gyara, don yawancin dattawanmu da baki suke kawo hujja, hujjar kuma tana watsewa da an tashi taro. Ina so bincike ya gane cewa "kungiya" da "ƙungiya" abu ɗaya ne, don rabinmu ba su da haruffa masu lanƙwasa a waya. Babban burina kuwa shi ne manhajar ta ƙi karɓar gyara a sashen kuɗi sai an rubuta ranar zaman da aka yanke shi da adadin waɗanda suka ɗaga hannu.

Kafin a samu wannan, da hannu za mu yi. A zama mai zuwa zan kawo kundin nan huɗu a buge, na ja layi a duk inda suka saɓa, wuri bakwai na ƙirga. Duk wanda ya halarci zaman da aka mayar da wata uku zuwa shida, ko yake da littafin bayanan taro na wancan lokaci, don Allah ya zo da shi.