Wace doka ce ke hawa kan wannan rigimar?

Idan jarrabawa ta matso, yaranmu na Zongo masu tsallaka gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni sai su duƙufa kan hadda, ana rera sassan doka kamar karatun allo. Ban raina hadda ba. Amma na yi shekaru ina magatakarda a kotu kafin in yi ritaya, ban taɓa ganin alƙalin da ya yanke shari'a don ya fi kowa hadda ba.

A ce malami ya ba ku labari: wani ɗan kasuwa ya rasu, ya bar gida a Yamai, da gona a ƙauye, da bashin kaya, magada kuma sun kaure da rigima. Mai gaggawa zai buɗe kundin dokar da muka gada daga Faransa, na 1804, ya zuba duk abin da ya sani. Ya cika shafi shida, ya tashi da 7 bisa 20, ya ce malami ba ya ƙaunarsa.

Abin da ya tsallake shi ne tambayar farko: wace doka ce ke hawa nan? A Nijar, tun dokar tsarin kotuna ta 1962, aure da saki da gado bisa al'adar masu shari'ar ake yanke su, alƙali na zaune da masanan al'ada a gefensa, kuma dokar tsarin kotuna ta 2004 ba ta sauya wannan ba. To amma in ana jayayya kan mallakar gidan, kuma filin yana da takardar rajista, al'ada ta kauce, rubutacciyar doka ta shigo. Bashin kasuwancin kuwa yana iya kai ku ga dokokin OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda babbar kotunta ke Abijan. Mamaci ɗaya, doka uku. Wanda ya rarrabe su tun a shafin farko ya riga ya ci rabin makinsa, sauran aikin ɗora kowace doka ne kan abin da labarin ya faɗa, ba abin da kuka ƙara masa ba, sannan a fito fili a ce wane ne ke da gaskiya.

Tsarin rubutun da malamai ke nema, na raba amsa gida biyu, kowane gida kuma biyu, ni kaina ina ganin ya cika tsauri. Sai dai da shi ake gyara takardunku, ku bi shi, ku kuma zana shi a takardar gwaji kafin ku fara rubutu.

'Ya'yana, yawancin zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Kafin jarrabawa ku je ku zauna a bencin baya, ku saurari tambayar da alƙali yake fara yi.