Wasiƙa Ga Autana: Tudu Da Fadama

Auta,

Da fatan kana lafiya kuma karatu na tafiya. Mu nan Haɗeja lafiya lau, hunturu ya fara busawa. Innarka ta ɗaure maka ƙullin zoɓo na gonarmu ta tudu. In za ka haɗa, ka sa citta da kanumfari, amma kada ka cika sukari har ka kashe tsaminsa, domin tsamin nan daga ƙasarmu ya fito, ita kuwa nake so ka sani tun kana yaro.

Ƙasa biyu Allah ya ba mu a wuri ɗaya. Ta tudu rairayi ce, ruwa na sauka ta shanye, shi ya sa gero da wake da riɗi da zoɓo suke jin daɗinta. Zoɓo ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙarfinta a Agusta, sannan sama ta rufe. Daidai lokacin zoɓo ke yin ja, busasshiyar iska kuma ta taya mu shanya shi ba tare da ya yi fumfuna ba.

Ka gangara fadama kuwa sai ka ga wata duniya. Laka ce baƙa mai danƙo, da rani ta tsage har ƙafarka ta shige, da damina ta riƙe ruwa kamar tukunya. Nan ne shinkafa, nan ne alkama da albasa da tattasai. Alkama 'yar sanyi ce. Wanda ya wuce Nuwamba bai shuka ba, zafin Maris zai riske ta kafin ta cika ido, ya kwashi ƙaiƙayi. Ka tuna yadda nake hana kaina barci a watan Nuwamba? Dalilin ke nan.

Ruwan fadamar ba na samanmu ba ne kaɗai, daga ƙasar Kano yake tasowa, ya ratsa mu, ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, ya nufi Tafkin Chadi. A zamanin kakanka kogi kan cika ya malala, ya ja baya ya bar sabuwar laka da kifi. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, sai lissafin ya sauya. An samu noman rani, ban musa ba. Amma ruwan da ba ya ƙafewa ya haifar mana da kacalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Wani yana kukan ƙishirwa, maƙwabcinsa yana kukan ambaliya, kamar yadda ka gani da idonka a 2020 da 2022.

Ga misalin darajar sanin ƙasa: a Faransa akwai wani yanki mai tuddai, Burgundi, inda ake noman inabi ana yin giya. Giya kam ba tamu ba ce, Allah ya tsare mu. Abin da ya burge ni shi ne kowace 'yar gona a jikin tudun tana da sunanta tun ɗaruruwan shekaru, sun san ƙasarta da yadda rana ke bugunta, har UNESCO ta sa gonakin cikin kayan tarihin duniya a 2015. Mu kuwa zoɓonmu ana ɗura shi a buhu, a kai tashar jirgin ruwa a Legas, ya tafi har Meziko a sha shi, babu mai sanin ƙauyen da ya fito. Dillali ya san farashi, manomi ya san wahala, sunan gona ya ɓata a hanya. Wannan yana ci mini rai, kuma ina ganin ku 'yan boko ne za ku gyara.

In an ba ku hutu kada ka tsaya Kano wajen kawunka. Ka taho gida kai tsaye, ban-ruwan alkama na jiranmu, kuma zan kai ka Baturiya ka ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kafin su koma. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaida malamanka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Haɗeja.