Rodi a Kan Bene da Ƙugiya a Cikin Makefile

Duk wanda ya zaga Gwarinpa zai ga wani abu a kan waɗansu gine-ginen da ba a ƙare ba: rodi a tsaye bisa ginshiƙai, suna duban sama. Ba mantuwa ba ce. Magini ya bar su ne domin ran da mai gida ya sami hali a ɗora bene ba sai an fasa na ƙasa ba. Wannan dabara ita na ke so mu duba, 'yan'uwana, gama masu aikin kwamfuta su ma suna da irinta.

A makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa, akwai takardar umurni guda wadda ke haɗa sakamakon jarrabawa. Ana kiran irinta Makefile. Stuart Feldman ne ya ƙago shirin Make a Bell Labs ta Amurka cikin 1976. Aikin an raba shi zango zango, kowane da sunansa da abin da ya dogara a kai. Namu uku ne: tara maki, lissafi, sa'an nan buga takardu. Make ya kan dubi lokacin da aka taɓa kowane fayil, ya sake abin da ya tsufa kaɗai.

To, wahalar ita ce kowane malami da bukatarsa. Wannan yana so a fid da yaran da ba su zo ba, wancan yana so a ƙara makin aikin gida. In kowa ya sa hannu cikin takardar nan, ran da ta lalace yara ɗari da wani abu za su koma gida hannu wofi, ba kuwa wanda zai san inda ɓarnar ta shiga.

Hanya biyu na gani. Ta fari, a tambayi Make ko akwai zango mai suna kaza kafin a kira shi. Da make -n a ke yi, watau ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. In ba zangon sai ya kawo ƙara. Amma akwai tarko. Idan da wani fayil mai wannan suna a wurin, Make ba zai yi ƙara ba ko da babu zangon, sai ka ɗauka yana nan.

Ta biyu ita ce rodin nan, kuma ita na fi so ƙwarai. Mai takarda ya bar ƙugiya, watau zango wofi mai suna, kafin lissafi da bayansa, ya rubuta layi guda da -include domin a karanta fayil ɗin malami in akwai. In babu, aiki ya wuce abinsa. Malami ya rataya nasa a can, babbar takarda kuwa ba mai taɓa ta. Ba mu ne farkon gane wannan ba. NetBeans na barin zangunan wofi irin su -pre-compile tun da daɗewa, Apache Ant kuma ya shigo da extension-point cikin fitowa ta 1.8.0 a 2010.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, shirun nan na -include. Malami ya kuskure harafi ɗaya cikin sunan fayil, sai a buga takardu ba aikinsa a ciki, kwamfuta ba ta ce uffan ba. Saboda haka na roƙi shugaban sashe a ƙara layi mai faɗin ko an sami fayil ɗin ko ba a samu ba. Ya yarda, aka sa. Yanzu malamai huɗu ke da nasu fayil, malamar lissafi kuma ta nemi a bar mata wata ƙugiya bayan buga takardu, domin tana so a ware mata sunayen waɗanda suka faɗi.